Doksorubisin ko efirubisin: abin da na koya a jinyar Yaya

Ranar da aka tabbatar wa Yaya sankarar mama ce, likita ya rubuta mana sunayen magunguna a 'yar takarda ya ce mu je mu jiyo farashi. Biyu daga ciki ya ja layi a tsakaninsu, Doxorubicin a sama, Epirubicin a ƙasa. Ya ce, "Ɗaya za a yi mata, ba duka ba. Ku dubo wanda za ku iya samu har ƙarshe, sai mu zauna." Da muka shiga wajen masu sayar da magani sai kanmu ya ƙara ɗaurewa. Wani ya ce na ƙasan shi ne na masu kuɗi, ba ya taɓa zuciya. Wani ya ce duk kanwar ja ce, mu sayi mai araha. Wata shida na yi ina bin Yaya ɗakin ƙarin ruwa da littafi a hannu, ina damun likitoci da masu haɗa magani da tambaya, kafin na gane inda kowannensu ya yi daidai da inda ya zame.

Su biyun 'yan gida ɗaya ne. Ana lissafa su cikin antibayotik ne saboda asalinsu daga wata ƙwayar halitta ce da ke zaune a cikin ƙasa, amma ba a maganin taifot ko ƙurji da su, guba ce da aka hore don kashe ƙwayoyin daji. Wani kamfanin Italiya, Farmitalia, shi ya samo ƙwayar a ƙasar da aka ɗebo kusa da tsohuwar ganuwar Castel del Monte a kudancin Italiya, aka lura tana fitar da wani jan launi. Daga nan aka fara samun daunorubisin, sannan doksorubisin a ƙarshen shekarun 1960, aka raɗa masa Adriamycin da sunan tekun Adiriyatik. Amurka ta amince da shi a 1974. Efirubisin kuwa ƙaninsa ne da kamfanin ya ƙera daga baya ta hanyar juya wani ɗan reshe guda a jikin sinadarin. Turai ta fara aiki da shi tun shekarun 1980, Amurka sai a 1999. Wannan 'yar juyawar ta sa hanta ta fi saurin sarrafa shi ta fitar. A ido kuwa ba ka bambance su: duka ja ne wur a sirinji, kamar zoɓon da bai sha ruwa ba.

Aikinsu ma iri ɗaya ne. Duk ƙwayar halittar da za ta rabu biyu sai ta warware zaren gadon da ke cikinta ta kwafe shi. Maganin yana kutsawa tsakanin zaren ya maƙale, ya kuma kama sinadarin da ke warware harɗewar, sai zaren ya tsittsinke ƙwayar ta mutu. Daji yana saurin rabuwa, shi ya sa ya fi jin jiki. Amma tushen suma da fatar baki da ɓargon da ke yin jini su ma masu saurin rabuwa ne, don haka duk wahalar da za a sha daga nan take fitowa.

Tambayar farko da kowa ke yi: wanne ya fi kashe cutar? A sankarar mama, idan an ba da kowanne a ma'auninsa na gaskiya, ba a ga wani ya tsere wa wani ba. Ana auna su ne da faɗin jikin mutum, wanda ake lissafowa daga tsawo da nauyi, a ce miligiram kaza a kowace murabba'in mita. Haɗin da za ku ga an rubuta AC a kati shi ne doksorubisin miligiram 60 da saikulofosfamaid 600, duk bayan kwana 21, sau huɗu, galibi a biyo da wani maganin kamar fakilitaksel. Wanda aka rubuta EC kuwa efirubisin ne 90 ko 100 a madadin doksorubisin, in an ƙara wani magani na uku ya zama FEC, wanda likitocin da suka yi karatu a tsarin Faransa suka fi sabawa da shi. A wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mata sama da 2,000, an gwada AC sau huɗu da FEC sau shida, ba a ga bambanci a dawowar cutar ba, sai dai masu sau shida sun fi shan wuya. Faransawa kuma sun gwada efirubisin 50 da 100 a matan da cutar ta kai kaluluwar hammata, masu 100 suka fi tsira. Wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai, domin na ga mutane suna roƙon a rage musu kwalba ɗaya saboda kuɗi. Efirubisin da aka yi wa ƙwauro bai kai doksorubisin cikakke ba.

In ba sankarar mama ba ce ma, sau da yawa babu zaɓin. Dajin kaluluwa, dajin ƙashi, dajin ƙodar yara, duk tsare-tsarensu a kan doksorubisin aka gina su, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Efirubisin ya fi fitowa a mama da dajin tumbi.

Inda maganar ta yi nauyi ita ce zuciya, kuma a nan ne mai maganin farko ya yi mana daɗin baki. Duk biyun suna raunana naman zuciya, kuma ɓarnar taruwa take yi. Abin da aka zuba wa mutum bana yana nan a lissafi ko bayan shekara ashirin, ba ya gogewa. Wani nazari da aka buga a 2003 ya nuna cewa a doksorubisin, idan jimillar ta kai miligiram 400 a kowace murabba'in mita, kusan mutum 5 cikin 100 zuciyarsu kan gaza. A 550 sai ya kai 26 cikin 100. A 700 ya kusa rabi. Shi ya sa aka kafa masa iyaka tsakanin 450 da 550 a tsawon rayuwa, likitoci da dama ma ba sa son wuce 450. Iyakar efirubisin kuwa 900 ce. Mai jin wannan sai ya ce to ai ya ninka shi aminci. Ba haka lissafin yake ba, domin shi ma ana ba da shi da yawa. AC sau huɗu jimillarsa 240, wato kusan rabin iyaka. EC na 90 sau huɗu 360 ne cikin 900, ƙasa da rabi kaɗan. FEC na 100 sau shida kuwa 600 ne, kashi biyu cikin uku na iyakarsa. Ashe mai FEC sau shida ta fi mai AC sau huɗu matsawa kusa da bakin rami, duk da ita ce ta sayi wanda aka ce ba ya taɓa zuciya. Gaskiyar ita ce efirubisin yana da ɗan rangwame a kan zuciya, rangwamen da ake jin amfaninsa idan tafiyar za ta yi tsawo, amma ba kariya ba ce.

Abin da ya fi sunan maganin muhimmanci shi ne zuciyar da za a zuba wa. Kafin allurar farko a yi hoton zuciya, wanda ake ce wa eko, a ga ƙarfin bugunta. Ana son adadin ya kai 50 cikin 100 ko ya wuce. Kada a tsallake shi don an gaji da biyan kuɗin gwaji. Akwai kuma tambayar da ta shafe mu fiye da yawancin mutanen duniya. Ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitocin Zariya da Kano da Sakkwato sun daɗe suna rubutu a kansa. Matar da ta taɓa kumbura a jego, ƙafafu suka yi suntum, numfashi ya riƙa gagararta in ta kwanta, ko da an ce ta warke shekaru goma da suka wuce, ta faɗa wa likitan daji da bakinta, kada ta jira ya tambaya. Haka mai hawan jini, mai ciwon suga, wadda ta haura sittin da biyar, da wadda aka taɓa yi wa gashi da na'ura a ƙirjin hagu. Idan zuciyar ta riga ta yi rauni, amsar ba a koma efirubisin ba ce. A bar gidan gaba ɗaya ne. Akwai haɗin da ake kira TC, dositaksel da saikulofosfamaid, wanda babu jan ruwa a cikinsa. Wadda kuma za a yi wa tarastuzumab, maganin nan na nau'in sankarar mama da ake kira HER2, ba a haɗa mata shi lokaci ɗaya da ɗayansu, sai an gama wannan a shiga wancan.

Shawarar da na fi ba kowa ita ce a sayi ɗan littafi. Duk zuwa a sa nas ta rubuta sunan maganin da miligiram nawa aka zuba da kwanan wata. Mutanenmu sukan fara a wani asibiti, kuɗi su yanke, bayan shekara a ci gaba a wani gari, fayil kuma ya ɓace. Sabon likita ba shi da hanyar sanin nawa zuciyar ta riga ta sha in ba littafin nan ba.

Sai kuɗi, wanda a wurinmu shi ne rabin shawarar. Duk biyun sukan zo a kwalba mai miligiram 10 da mai 50. Faɗin jikin Yaya murabba'in mita 1.6 ne, don haka doksorubisin nata miligiram 96 ne, kwalba biyu. Da efirubisin ne na 90, zai zama 144, kwalba uku, kuma a inda muka tambaya kwalbarsa ta fi tsada. A ninka wannan sau huɗu ko shida, a ɗora gwajin jini na kowane zuwa, da maganin amai, da kuɗin mota daga ƙauye. Na ga waɗanda suka fara da mai tsada don a ga sun yi wa uwa gata, a zagaye na uku suka tsaya cak. Jinkirta zagaye ko yanke shi ya fi duk wani bambancin da ke tsakanin magungunan nan illa.

Wajen saye kuma a buɗe ido. Mai ruwa-ruwa a firji yake zama, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da haske. Na gari, wanda ake damawa a asibiti, ya fi jure zafin ɗaki. A garin da wuta ke zuwa sa'a uku a yini, kwalbar ruwa da aka ciro daga kanta tana ɗumi abin tsoro ce ko da kwalinta na sheƙi. In kantin maganin asibiti yana da shi, a saya a can. In dole sai waje, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ɗauko shi a kula da ƙanƙara, a kai wa mai haɗa magani ya gani kafin ranar allura.

Sauran wahalhalun kusan raba daidai suka yi. Fitsari zai yi ja ko ruwan goro kwana ɗaya zuwa biyu. Launin maganin ne, ba jini ba. Yaya ba a gaya mata ba, ta fito daga bayi tana salati. Amma in ya wuce kwana biyu, ko yana zafi, a faɗa, don abokin tafiyarsa saikulofosfamaid yana iya ƙona mafitsara. A kwana biyun nan akwai magani a fitsari da amai, saboda haka mai wanke fo ta sa safar roba, mai ciki kuma ta bar wa wata aikin. Suma takan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan allurar farko, kuma da kowannensu tafiya take yi duka. A kwance kitso tun wuri a rage ta, ya fi sauƙi a kan a tashi a gan ta a matashi. Tana dawowa bayan an gama. Farce da tafin hannu sukan yi baƙi, wani lokaci har harshe, abin ya fi fitowa a baƙar fata kuma yana washewa. Amai yana da ƙarfi a haɗin biyun, don haka maganin amai a sha shi a kan lokaci tun kafin tashin zuciyar ya zo, ba bayan ya zo ba. Ɗaya daga cikinsu, deksametason, yana ɗaga suga. Baki kan yi gyambo wajen mako na biyu: kurkura da ruwan gishiri mai ɗumi, buroshi mai laushi, a ajiye yaji da tsami. Ana cewa efirubisin ya ɗan fi sauƙi a nan, kuma miligiram da miligiram haka ne, amma a 90 da 100 matan da muka zauna da su a benci ɗaya ban ga wadda ta sha da daɗi ba. Al'ada takan ɗauke, ga wadda ta haura arba'in sau da yawa ba ta dawowa, amma ɗaukewarta ba ta hana ciki shiga, kuma maganin yana illata ɗan tayi musamman a watanni ukun farko. Mai shayarwa sai ta yaye. Akwai kuma ɗan haɗarin sankarar jini bayan shekaru, bai kai ɗaya cikin ɗari ba a ma'aunin da aka saba, kuma duk biyun suna da shi.

Abu biyu ne suka kusa yi mana ɓarna, kuma babu ruwansu da wanne muka zaɓa.

Na farko a zagaye na uku. Jijiyoyin hannun Yaya sun fara ƙin fitowa, aka samu wata 'yar siririya a bayan hannu kusa da wuyan hannu. Ana cikin tura jan ruwan sai na ga ta cije leɓe tana murza yatsun ƙafa. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Ba komai, ɗan zafi ne, kar ki dame su." Na daka wa nas kira. Ta zo ta duba ta tsayar nan take, ta zuƙo abin da za ta iya ta kanular kafin ta cire, ta zagaye wurin da biro. Ta ce, "Hajiya, wannan ba wurin dauriya ba ne. Ko cizon cinnaka kika ji, ki yi magana." Maganin nan in ya fita daga jijiya ya shiga nama, cin naman yake yi a hankali har makonni, yana iya kaiwa ga jijiyar motsi, har sai an yi aiki an dasa fata. Mu Allah ya taƙaita, kaɗan ne ya fita, tabo ne baƙi mai tauri ya rage. Abin da aka sa mu yi a gida ya saɓa wa duk abin da muka saba: ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, sau huɗu a yini, hannu a ɗage. Inna ta riga ta ɗora ruwan zafi za ta gasa mata ta shafa man zafi, da ƙyar na hana, don zafi baza maganin yake yi. Akwai allurar da ke karya shi, deksrazoksen, amma sai an fara ta cikin sa'a shida kuma ba ko'ina ake samunta ba. Tun daga ranar ba mu yarda a sa kanula a bayan hannu ko a gwiwar hannu ba, sai a tsakiyar sangalin hannu, sabuwa, a ga jini ya dawo kafin a tura, kuma ba a hannun ɓangaren da aka cire kaluluwa ba. Mai hali da jijiyoyinta suka yi wuya ta tambayi batun 'yar na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji a riƙa zuba magani ta nan. Tana da tsada kuma tana son tsabta sosai, amma a ganina kuɗin da za a ƙara a sayi efirubisin ya fi amfani a nan.

Na biyu zazzaɓi. Tsakanin kwana 10 da 14 bayan kowace allura fararen ƙwayoyin jini suke faɗuwa ƙasa, su farfaɗo wajen kwana 21, shi ya sa ake gwajin jini kafin kowane zagaye. A 'yan kwanakin nan jiki ba shi da mai gadi. Mu kuwa duk zazzaɓi a wurinmu na sauro ne: a aika yaro kemis ya karɓo maganin maleriya da farasitamol, a lulluɓa. Ga mai wannan allura, hakan na iya zama ajali cikin yini ɗaya. A sayi ma'aunin zafi. In ya nuna 38, ko ana rawar sanyi ko da bai kai ba, a tafi asibiti a daren, a faɗa tun daga ƙofa cewa tana kan allurar daji kuma yau kwana kaza. A auna kafin a sha farasitamol don yana ɓoye zafin. A can za su duba maleriyar ma, amma ba za su jira sakamako ba kafin su fara antibayotik ta jijiya. Yaya ta kwana huɗu a gado a zagaye na biyu, kuma da mun bi ta maƙwabta da sai da safe za mu fita.

Hanta ce ke fitar da duka biyun, don haka mai shawara a ido ko wadda gwajin hantarta ya hau ana rage mata, wani lokaci zuwa rabi ko ƙasa. A yi gwajin ciwon hanta nau'in B kafin a fara. Yana da yawa a cikinmu, yana kwance shiru, wannan magani kuma yana iya tayar da shi, alhali akwai ƙwayar da ake sha ta danne shi. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da 'yan dubiya ke kawowa a jarka, a karɓa a yi godiya a ajiye, hantar tana da aikin da ya ishe ta. Mai efirubisin kuma ta guji maganin olsa simetidin, yana sa maganin ya taru a jini. Allurar rigakafin shawara, da ake nema wajen wasu tafiye-tafiye, ita ma ba a yin ta a wannan lokaci.

Za ku ji labarin na uku, doksorubisin da aka naɗe a cikin ƙananan ƙwayoyin kitse, mai suna Caelyx ko Doxil, wanda ya fito a 1995. Ya fi su sauƙi a kan zuciya da suma, amma tsadarsa ta yi nisa, kuma yana da nasa: tafin hannu da na ƙafa su yi ja su yi zafi su saɓule, abin da daka da wanki da tsayuwa gaban murhu ke ƙara wa. An fi ba da shi a dajin fata na Kaposi, dajin ƙwan mace, da sankarar maman da ta bazu. Ba a musanya shi da na gama-gari miligiram da miligiram, saboda haka in mai kanti ya ce wancan ya ƙare ga wannan, kada a karɓa sai likita ya gani.

Da muka koma wurin likita da farashin a hannu, ekon Yaya ya nuna 62, ba ta da hawan jini, haihuwarta shida ba ta taɓa kumburi ba, kuma sau huɗu aka tsara mata. Muka tsaya a doksorubisin, rarar kuɗin muka ajiye wa fakilitaksel da ke biye. Da tsarin mai tsawo ne, ko tana da wani abin da ke sa a yi kaffa-kaffa da zuciyar ba tare da ta yi rauni ba, da na goyi bayan efirubisin in likita ya kawo shi, muddin za a iya sayensa cikakke har zagayen ƙarshe. A shafin ƙarshe na littafin nan nas ta rubuta jimilla 240 a kowace murabba'in mita ta sa hannu. Likita ya ce ko bayan shekaru ne, in ta ga ƙafa na kumbura ko tana haki a ɗan hawa, ta zo da littafin. An maimaita eko bayan shekara, ya nuna 58. Sumar ta fito da laushi kamar ta jariri, da furfurar da ba ta da ita a da, tabon bayan hannun kuma yana nan, takan rufe shi da lalle.